Jiragen Bama-bamai da Lissafin da Manya Suka Ƙi Ji

Tun kafin a soma Yaƙin Duniya na Biyu, manyan hafsoshin sojan sama na Turai da Amurka sun riga sun yanke wa kansu hukuncin yadda za a ci shi. A 1921 wani janar ɗan Italiya, Giulio Douhet, ya wallafa littafin da ya kafa hujjar cewa ƙasar da ta mallaki sararin sama za ta durƙusar da abokiyar gabarta ta hanyar yi wa biranenta da masana'antunta ruwan bama-bamai, ba sai an yi ta kashe sojan ƙasa a ramuka kamar yadda aka yi daga 1914 zuwa 1918 ba. A watan Nuwamba na 1932 Stanley Baldwin, wanda ya taɓa zama Firayim Ministan Birtaniya kuma zai sake zama, ya gaya wa majalisar dokoki cewa babu abin da zai hana jirgin jefa bom isa inda ya nufa. A Amurka kuwa, malaman makarantar hafsoshin sama da ke Maxwell a jihar Alabama sun ƙara wa zancen gishiri: idan manyan jirage masu bindigogi ta kowace kusurwa suka tashi a jere, kafaɗa da kafaɗa, to su da kansu za su kare kansu da rana tsaka, ba sa bukatar ɗan rakiya. Babu wanda ya gwada wannan aƙida a fagen daga kafin a gina rundunoni a kanta. Ra'ayina shi ne kaso mai yawa na asarar jirage da matasan da ke cikinsu daga nan ya samo asali, domin hujja ta zo da wuri kuma ta zo a fili, amma masu ba da umarni suka daɗe suna kau da kai.

Hujjar farko ba ta jira yaƙin ya cika wata huɗu ba. Ranar 18 ga Disamba 1939 jiragen Wellington 22 na Birtaniya suka isa gaɓar tekun Jamus da rana, wajen Heligoland, ba tare da rakiya ba. Na'urar rada ta Jamusawa ta hango su tun suna nesa, jiragen farauta suka tare su, aka rasa 12. Ranar 14 ga Mayu 1940 aka tura jirage 71 samfurin Battle da Blenheim su rusa gadojin da sojan Jamus ke haye kogin Meuse a Sedan, 40 ba su dawo ba. Irin wannan Blenheim ɗin ne daga baya mutanen Kano da Maiduguri suka riƙa gani yana sauka shan mai, a hanyar da ta taso daga Takoradi ta bi ta Fort Lamy da Khartoum zuwa Masar. Su ma Jamusawa sun ɗanɗana kuɗarsu a sararin Ingila a wannan shekarar: jirginsu mai sukuwa ƙasa, Stuka, sai da aka janye shi daga fagen bayan ɓarnar da aka yi masa ranar 18 ga Agusta, kuma bayan asarar tsakiyar Satumba suka karkata ga kai hari da dare. Ke nan kafin Amurka ta shiga yaƙin an riga an gwada aƙidar a hannun ƙasashe biyu, duka ta faɗi.

Birtaniya ta koma aikin dare, sai wata matsalar ta ɓullo. Binciken da aka yi a Agustan 1941 kan hotunan da jiragen ke ɗauka, wanda aka sani da rahoton Butt, ya nuna cewa cikin jirage uku da suka ce sun kai hari, ɗaya ne kacal ya kusanci wurin da tazarar mil biyar, a yankin masana'antu na Ruhr kuwa ɗaya cikin goma. Maimakon a tsaya a sake tunani, sai aka faɗaɗa abin hari ya zama gari sukutum, aka kuma damƙa rundunar bama-bamai a hannun Arthur Harris a Fabrairun 1942. A nan ya kamata mai karatu ya riƙe wani ɗan lissafi, domin shi ne ƙashin bayan maganar. Ƙa'idar rundunar ita ce ma'aikatan jirgi su kai hari sau 30 kafin a hutar da su. Idan a kowace fita ana rasa jirage 5 cikin 100, kunne zai ji kamar abin bai taka kara ya karya ba, tun da 95 sun dawo gida. Amma ka maimaita wannan sau 30, za ka ga kimanin mutum 21 cikin 100 ne za su kai ƙarshen zango. Ko da asarar 4 ce cikin 100, waɗanda za su kammala ba su kai 30 ba. Kamar bashin da ruwansa ke hawa kan ruwa ne, kowane wata ƙanƙani, ƙarshen shekara ya cinye gona. Ba sai an kira masanin lissafi ba, duk hafsan da ke da fensir zai iya fitar da wannan, kuma sakamakon ƙarshe bai saɓa masa ba: cikin mutum kusan 125,000 da suka tashi a jiragen rundunar bama-bamai ta Birtaniya, 55,573 suka mutu, wato kimanin kashi 44 cikin 100, ban da kusan 10,000 da aka kama fursunonin yaƙi.

Amurkawa sun iso suna ganin abin da ya faru da Ingilawa laifin raunin jiragensu ne. Nasu jirgin, B-17, yana ɗauke da mutum goma da manyan bindigogi fiye da goma, har suka sa masa suna ganuwa mai tashi. Janar Ira Eaker, shugaban Runduna ta Takwas ta sojan saman Amurka, ya riƙe cewa idan ya sami manyan jirage 300 a fita ɗaya zai iya kai hari ko'ina a Jamus da rana, asarar ba za ta kai 4 cikin 100 ba. Shekarar 1943 ta ba shi amsa. Ranar 1 ga Agusta jiragen B-24 sama da 170 suka tashi daga wajen Benghazi a Libiya zuwa matatun man Ploesti a Romaniya, suna tafe ƙasa-ƙasa, aka rasa fiye da 50. Ranar 17 ga watan, B-17 guda 376 suka nufi Regensburg da Schweinfurt, garin da ake ƙera boris ɗin injuna, 60 suka faɗi. Ranar 14 ga Oktoba aka koma Schweinfurt da jirage 291, adadin da ya kusa cika sharaɗin Eaker, aka sake rasa 60 a hanya, ban da waɗanda suka dawo a ragargaje har aka yar da su. Matuƙan Jamus sun gane inda man jiragen rakiya ke ƙarewa, kusa da iyakar ƙasarsu, sai su jira su juya sannan su afka. Wani abin da ke nuna ƙarfin aƙidar shi ne maganin da aka fara gwadawa a wannan shekarar: aka ɗauki B-17 aka cika shi da ƙarin bindigogi da harsasai, aka kira shi YB-40, don ya raka 'yan'uwansa. Da sauran suka zubar da bama-bamansu suka yi sauƙi, shi sai nauyi ya hana shi bin sahunsu.

Harris bai ɗauki darasi daga wannan ba. Nasarar Hamburg a Yulin 1943 ta ruɗe shi, lokacin da aka watsa ƙananan yankunan alminiyam a sama suka makantar da radar Jamus, daren farko aka rasa jirage 12 kacal cikin 791, gobarar da ta biyo baya kuma ta hallaka mutanen gari kusan 40,000. A Nuwamba ya rubuta wa Firayim Minista Churchill cewa idan Amurkawa suka sa hannu za a iya rusa Berlin kakaf, abin zai ci jirage 400 zuwa 500, Jamus kuma ta rasa yaƙin. Daga wannan watan zuwa ƙarshen Maris 1944 rundunarsa ta rasa jirage 1,047, Berlin na nan tana aiki. Jamusawa sun warware dabarar alminiyam cikin 'yan watanni, sun kuma kafa wa jiragensu na dare bindigogi masu kallon sama, sai su sulale ƙarƙashin Lancaster, babban jirgin jefa bom na Birtaniya, inda ba shi da maharbi, su harbi tankin man da ke cikin fiffike. Ƙarshen abin shi ne daren 30 ga Maris: jirage 795 suka nufi Nuremberg a farin wata, a kan doguwar hanya miƙaƙƙiya, duk da cewa jirgin duba yanayi ya dawo da labarin ba lalle a sami gajimaren ɓuya ba. Aka rasa 95, mutum 545 suka mutu a dare ɗaya, wasu jiragen fiye da ɗari kuma suka ɓata hanya suka zuba kayansu a Schweinfurt. Freeman Dyson, wanda a lokacin matashi ne mai lissafi a sashen bincike na rundunar, ya ba da labarin cewa sun gano ƙwarewa ta daina kare ma'aikatan jirgi, tsoho da sabo duk ɗaya suke faɗuwa. Sun ba da shawarar a cire guraben bindigogin Lancaster, a rage mutane daga bakwai zuwa biyar, jirgin ya ƙara gudu da kimanin mil 50 a awa, aka ƙi. Sun nuna cewa ƙofar tsira ta yi ƙanƙanta ga mai sanye da lema, shi ya sa kimanin 15 cikin 100 ne ke fita da rai daga Lancaster da aka harbo, alhali a jiragen Amurka kusan rabi ke tsira, nan ma aka yi ta jan ƙafa. Duk wannan kuwa ga Mosquito a gabansu, jirgin katako mai mutum biyu wanda ba ya ɗaukar bindiga ko ɗaya, gudu kawai ya dogara da shi, kuma shi ne ya fi kowane jirgi a rundunar ƙarancin asara.

Masu kare Harris da Eaker suna da hujja mai nauyi, kuma bai dace a raina ta ba. Suna cewa daga 1940 zuwa tsakiyar 1944 babu wata hanyar da Birtaniya za ta taɓa Jamus a gida in ba ta sama ba, ga Stalin, shugaban Tarayyar Soviet, yana matsa lamba a buɗe masa fage na biyu yayin da mutanensa ke mutuwa miliyan-miliyan. Suna ƙarawa da cewa hare-haren sun tilasta wa Jamus tsare dubban manyan bindigogin kakkaɓo jirage da ɗaruruwan dubban mutane a gida, da kuma janye jiragen farauta daga fagen gabas, abin da Albert Speer, ministan makamai na Hitler, ya amsa da bakinsa bayan yaƙi. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai hujjar tana kare wanzuwar yaƙin sama ne gaba ɗaya, ba ta wanke kowace fita da aka yi ba. Bindigogin da ke gadin Ruhr da Berlin za su zauna inda suke muddin barazanar na nan, ko an je Nuremberg a farin wata ko ba a je ba. Kuma abin da ya karya tattalin arzikin yaƙin Jamus a ƙarshe hare-haren da aka kai kan masana'antun mai da hanyoyin jirgin ƙasa ne daga tsakiyar 1944, irin aikin da Harris ya riƙa yi wa ba'a yana kuma yinsa bisa tilas.

Hujja ta biyu ta fi wuyar amsawa: wai jirgin farauta mai dogon zango bai samu ba sai ƙarshen 1943, don haka babu zaɓi. Charles Portal, shugaban sojan saman Birtaniya, ya gaya wa Churchill a 1941 cewa jirgin da zai ɗauki man tafiya mai nisa ba zai iya karawa da mai gajeren zango ba. Amma tun Satumban 1940 jirgin Zero na Japan ke raka masu jefa bom zuwa Chongqing a ƙasar Sin, a Disamban 1941 kuma ya tashi daga Taiwan ya yi faɗa a sararin Filifin ya koma. Tankin man da ake rataya wa jirgi a yar in ya ƙare ba sabon abu ba ne a lokacin. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai nemi irin wannan jirgin da gaggawa, domin nemansa tamkar amsa cewa ganuwa mai tashi ba ta iya kare kanta ne. A ganina akwai dalilin da ya sa amsa hakan ta yi ɗaci: sojan sama na Birtaniya ya kare 'yancinsa daga sojan ƙasa da na ruwa ne da alkawarin cewa bom kaɗai zai iya cin yaƙi, na Amurka kuma yana neman irin wannan 'yancin da alkawari iri ɗaya, bai kuwa same shi ba sai 1947.

Wani zai ce ai ko bayan zuwan rakiya an ci gaba da faɗuwa, tun da ranar 6 ga Maris 1944 Amurkawa sun rasa manyan jirage 69 a kan Berlin, adadin da ya zarce na Schweinfurt. Haka ne, amma cikin jirage fiye da 700 ne, kuma a wannan karon Jamus ma tana zubar da ƙwararrun matuƙan da ba ta da madadinsu, domin Janar James Doolittle, da ya karɓi Runduna ta Takwas a Janairu, ya saki jiragen rakiya su bi na Jamus duk inda suka gan su, a sama ko a ƙasa. Kafin saukar sojojin ƙawance a Normandy a watan Yuni sojan saman Jamus ya kasa taɓuka abin kirki da rana. Jirgin da ya fi taka rawa a wannan sauyi, Mustang, Birtaniya ce ta yi odarsa daga wani kamfanin Amurka a 1940, ya fara tashi a Oktoban shekarar. A Oktoban 1942 aka gwada shi da injin Merlin na Ingila, aka ga abin da zai iya. Bai fara raka manyan jirage cikin Jamus ba sai Disamban 1943, wata biyu bayan harin Schweinfurt na biyu.