Kwamfuta Ta Ƙi Tashi? Abin Yi Kafin A Yi Mata Fomat

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu masu shagon buga takardu da masu lissafin kaya a Agege, Mile 12 da Sabon Ibadan, da zarar laftof ta nuna shuɗin allo sai a ce a kai ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja a yi mata fomat. To, fomat yana share duk abin da ke faifan C, har da rasidai da lissafin bashi. Sau da yawa kuwa matsalar ba ta kai nan ba.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo ta shi ne a ɗauke wuta ana tsakiyar sabunta Windows, musamman a laftof ɗin tokumbo da batirinta ya mutu. Sai wasu fayilolin su lalace.

A Windows 10 da 11, kunna ta, da ka ga tambarin Windows sai ka danne maɓallin wuta har ta mutu. Yi haka sau biyu ko uku, za ta buɗe shafin gyara da kanta. Shiga Troubleshoot, sannan Advanced options. Fara da Startup Repair. In bai yi ba, gwada Uninstall Updates, ko System Restore, wanda ke mayar da ita yadda take kwanakin baya ba tare da taɓa takardunka ba.

In har yanzu shiru, zaɓi Startup Settings, danna Restart, sannan lamba 4. Wannan shi ne Safe Mode. Da ta buɗe, kafin komai, kwashe takardunka zuwa filasha. Kar ka ce sai anjima. Bayan nan buɗe Command Prompt a matsayin administrator, ka rubuta sfc /scannow don gyara fayilolin Windows, sannan chkdsk C: /f don duba faifan.

Ko da dole sai an sake Windows, akwai Reset this PC da zaɓin Keep my files: manhajoji za su tafi, takardu su tsira.

Amma in faifan yana ƙarar ƙas-ƙas, wannan ba aikin manhaja ba ne, kashe ta ka kai wa mai gyara. In kuma ta nemi mabuɗin BitLocker mai lamba 48, duba asusun Microsoft da aka buɗe ta da shi, don babu mai gyaran da zai fito maka da takardun in babu shi.