Tukunyar Iyayenmu Mata

'Yan'uwa cikin Almasihu, a wannan biki na cika shekara 50, bari mu tuna da farin 1973. A lokacin, iyayenmu mata mazauna Koki, cikin birnin Kano, suka riƙa haɗa gero da wake suna ciyar da yaran da tamowa ta kama.

Masana sun nuna cewa abincin gina jiki ya ƙunshi sinadaran amino iri 20. Jiki yakan ƙera 11 da kansa, sauran 9 kuwa sai daga abinci. Ɗaya daga cikinsu, laisin, ya yi ƙaranci a gero da dawa, amma wake na da shi a yalwace.

Iyayenmu ba su san sunansa ba, amma yara suka rayu. Waɗansunsu su ne dattawan ikilisiyarmu yau. Yabo ga Ubangiji!