Lifidi da Maho: Tarihin Haɗa Ƙyallaye a Kudancin Kano

Wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano ya ratsa ƙasar Bebeji da Kiru, ko kuwa ya karkata a Kwanar Dangora ya nufi Tudun Wada da Doguwa ta dajin Falgore, ba zai rasa ganin rimaye tsaitsaye a bakin tsofaffin garuruwa ba, kuma galibin matafiyan yau ba su san cewa audugar nan da iska ke kwasa daga kansu da rani ita ce dā ake cusawa cikin suturar da ke tsare ran barde da na dokinsa a fagen fama ba. Wannan sutura ita ce lifidi, kuma a ganina ita ce ƙololuwar abin da allurar Bahaushe ta kai gare shi a fannin haɗa ƙyallaye da ɗinke su bisa shimfiɗar auduga, fannin da mutanen wasu ƙasashe suka mayar abin ado da nishaɗi, alhali kuwa a nan larura ce ta haife shi.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya ruwaito cewa Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, kuma mawallafin bai bar mu cikin duhu game da dalili ba, domin ya ce saboda yawan hasarar mutane da aka yi ne a yaƙin Umbatu, wato Umbutawan da ke zaune a duwatsun da ke kudu maso gabas da Kano. Abin lura a nan shi ne, tun farkon al'amarin fuskar lifidi kudu take kallo. Mutanen duwatsu maharba ne masu kibiya mai dafi, wadda ko ƙwarzane ta yi wa doki ta gama da shi, don haka bukatar mayaƙi ita ce abin da zai shanye ƙarfin kibiya ya riƙe tsininta tun kafin ta isa fata. Bayan ƙarni huɗu da ɗoriya sai tarihi ya maimaita kansa a wannan jiha, yayin da Malam Hamza ya bar Tsakuwa wajen 1846 saboda saɓani da hukumar Kano kan haraji, ya shige duwatsun Ningi, magadansa kuma suka dinga kai hari garuruwan kudu, har Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya ƙarar da babban rabo na zamaninsa yana fama da su.

Yadda ake aikin kuwa ya cancanci a tsaya a kansa. Maɗinki yakan shimfiɗa saƙi mai kauri a ƙasa, ya baza audugar rimi a kai bayan an tsince ƙwayoyinta, yana lallashinta da tafin hannu har kaurinta ya daidaita, sa'an nan ya rufe da wani ƙyallen, ya ɗauki basilla da zare mai ƙwari ya riƙa ratsa duka ukun layi bayan layi, kusa da kusa, domin idan tazarar ta yi yawa auduga za ta gangara ta dunƙule wuri guda ta bar wani wurin fayau, kuma ta nan ajali ke shigowa. Fuskar waje ita ce wurin nuna gwaninta, inda ake yanka ja da baƙi da fari da rawaya, wani mai kusurwa uku wani mai huɗu, a jera su a haɗe bakinsu, har doki ya zama ana hango shi daga nesa ana sanin na wane ne. Kowane yanki da sunansa: akwai bantan lifidi mai rufe cinyoyi da mara, da safa da kumakumi masu tsare ƙirji, da ɗan gaba na ƙirjin doki. Amma kayan suna da aibi biyu da ba su ɓuya ga abokan gaba ba, wato wuta da nauyi. Kibiya mai wuta takan kama audugar nan take, nauyin kuwa Kyaftin Clapperton, wanda ya bi ta Bebeji a 1826 kan hanyarsa daga Zariya zuwa Kano, ya shaida shi a shekarar nan lokacin da ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye wani birnin Gobirawa, ya rubuta cewa sai mutum biyu sun ɗaga ɗan lifida kafin ya hau dokinsa.

Ba daga fagen yaƙi kaɗai wannan fasaha ta sami daraja ba. Malamai sun daɗe suna karantar da cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, yana halifa yana sanye da riga mai maho, kuma ma'abota tasawwufi sun riƙi tufa mai maho alamar zuhudu da ƙana'a. A Sudan, mabiya Mahadi da suka tashi a 1881 sun mayar da jibba mai maho tufar rundunarsu, da farko maho na gaskiya irin na matalauta, daga baya a zamanin Halifa Abdullahi ya koma ƙyallaye masu launi da ake tsarawa da gangan, kuma daga cikin ganimar da Ingilishi suka kwasa a Omdurman a 1898 har da lifidin doki da ke ajiye a gidan tarihi na Landan. A gidajenmu kuwa hukuncin ya fi sauƙi: zubar da ƙyalle almubazzaranci ne. Saƙar maza siririya ce, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, saboda haka ko babbar riga ta sarki haɗe-haɗe ce tun asali, kuma wanda ya san wahalar gurza da shiɓa da kaɗi da saƙa da rini ba ya yarda ko guntu ya salwanta.

Lifidi na yaƙi ya mutu ne da ƙarar igwa. A ƙarshen Janairu 1903 Kanar Morland na Ingilishi ya taso daga Zariya da rundunarsa, Bebeji ce ta fara rufe masa ƙofa, aka fasa ƙofar da igwa aka kashe sarkin garin, ran 3 ga Fabrairu kuma Kano ta faɗi. Abin da aka ɗinka domin kibiya ba shi da ta cewa gaban harsashi. Daga nan 'yan lifida suka koma adon hawan salla, inda har yau suke fitowa tare da dogarai masu riguna ja da kore, su ma haɗin ƙyalle ne, audugar rimi kuma ta koma hannun masu katifa da matashin kai, har katifar soso ta zo ta rage musu kasuwa.

Abin mamaki, a daidai shekarun da Ningawa ke kai hari kudancin Kano, matan Amurka sun kamu da son wani irin haɗin ƙyallaye marar tsari, wanda aka ce baje kolin Filadelfiya na 1876 ne ya tayar da shi, sa'ad da suka ga kayan Japan masu zane a karkace. Sukan ɗauki guntayen siliki da karan-miski kowane da siffarsa, su ɗora bisa wani ƙyalle na ƙasa, su bi kowace mahaɗa da surfani iri-iri, kuma mujallun mata suka riƙa buga musu bayani, masu masaƙu suna sayar musu da ragowar yadi a ƙunshe. Nasu ilmin a takarda ya yaɗu, shi ya sa har gobe mai so zai same shi a littafi ko a intanet. Namu kuwa a zaure aka ba da shi, daga uba zuwa ɗa, daga malami zuwa almajirin da ke ɗinkin hula tsakanin karatun safe da na yamma, kuma irin wannan ilmi, kamar karatun da ake karɓa baki da baki, idan mutum guda ya faɗi a silsilarsa ba tare da ya ba wani ba, to an yanke ke nan. Ban ga laifin takarda ba, bal ma ina ganin sakacinmu ne da muka cika kundaye da sunayen sarakunan da suka ci yaƙi, muka bar maɗinkan da suka suturta mayaƙansu babu ko ambato.

Yarinya ko saurayin da ke Kiru ko Doguwa mai sha'awar farawa ba ya bukatar jari. Kowane tela yana da buhun ragowar atamfa da shadda a ƙarƙashin kekensa, da yawansu kuma kyauta za su bayar ko a kuɗi kaɗan. A wanke guntayen tukuna don a gane mai zuba, a ware masu kauri ɗaya wuri ɗaya, a sami tsohon zani a yanka shi murabba'i ya zama tushe, a fara da guntu guda a tsakiya, a kifa na biyu a kansa a ɗinke gefe a buɗe a danne da dutsen guga, haka har tushen ya rufu. Rigar matashin kai ta isa aikin farko. Surfanin mahaɗa kuwa a wajen masu ɗinkin hula da na wuyan riga za a koye shi, cusa auduga da daidaita ta a wajen tsofaffin masu katifa, wanda kuma yake son ganin yadda magabata suka jera launi sai ya je rumfunan kayan doki a Kasuwar Kurmi, ko ya tsaya kusa da 'yan lifida ranar Hawan Daushe, ya nemi izini ya juya bakin lifidin ya ƙirga layukan ɗinkin da ke ciki.