Kurakuran da ake yawan yi a wankan janaba

Babin wanka na daga cikin darussan farko da ɗalibi ke ɗauka idan ya fara karatun fiƙihu a zaurukan malamai na arewacin jihar Kano, daga Bichi zuwa Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi da Minjibir.

Duk da haka, malamai kan yawaita jan hankali a kan kurakuran da ake yi a wankan, domin sallar mai janaba ba ta inganta sai wankansa ya inganta. Wanda ya ɓata wanka ɗaya yana iya yin kwanaki yana sallolin da sai ya rama su.

Umarnin yin wankan ya zo a Alƙur'ani, a aya ta 6 ta Suratul Ma'ida da kuma aya ta 43 ta Suratun Nisa'i.

Akasarin mutanen yankin suna bin mazhabar Imam Malik ne, wanda ya rasu a Madina a shekarar 795. Littattafan da aka fi dogara da su sun haɗa da Ahalari na Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, da Ishmawi, da kuma Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 996.

Farillai da sunnoni

Ahalari ya lissafa farillan wanka huɗu: niyya, yin wankan a jere ba tare da dogon jinkiri ba, cuɗa jiki, da game jiki duka da ruwa. Ishmawi ya ƙara tsettsefe gashi, suka zama biyar.

Wanke hannuwa da farko, kurkure baki, shaƙa ruwa da fyacewa, da shafar ramin kunne, duk sunnoni ne a wannan mazhaba. Fara wanke gaba, gabatar da alwala, zuba ruwa sau uku a kai da fara ɓarin dama kafin na hagu kuwa mustahabbai ne.

Yawancin kurakuran na faruwa ne saboda rashin bambance waɗannan matakai. Sau da yawa mutum kan tsananta a kan mustahabbi, ya sake wanka don ya fara da hagu, alhali ya bar wata gaɓa ba ta sami ruwa ba.

Rashin niyya

Wankan da manomi ya yi don kawar da gumi da ƙura bayan ya taso daga gona ba ya ɗauke janaba, ko da ya wanke jikinsa tas, muddin bai ƙudurta niyya ba tun da farko.

Haka kuma wanda ya yi niyyar wankan Juma'a kaɗai ya manta da janabar da ke kansa, tana nan ba ta gushe ba. Amma idan ya haɗa niyyar biyun, wanka ɗaya ya wadatar.

Mazaunin niyya zuciya ne. Ba sharaɗi ba ne a furta ta da baki, balle a ce sai wanda ya haddace wani lafazi na Larabci wankansa ke inganta.

Ruwan da ya jirkita

A karkara, inda ake ɗebo ruwa daga rijiya, burtsatse, kududdufi ko madatsa, batun irin ruwan da ya halatta a yi wanka da shi yana da muhimmanci.

Ƙa'idar ita ce kada launin ruwan ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya canja saboda wani abu da ba a mazauninsa yake ba.

Saboda haka ruwan da aka zuba wa sabulu, omo, turare ko maganin kashe ƙwayoyin cuta har ya canja, ba ya ɗauke janaba, ko da yake shi kansa ba najasa ba ne. Haka ma ruwan da aka adana a jarkar mangyaɗa ko ta manja, idan maiƙon ya gauraya da shi har ya bayyana.

Malamai kan ba da shawarar a yi wankan sabulu daban, a ɗauraye jiki da bokitin, sannan a yi na ibada da tsurar ruwa.

Sai dai kuma akwai masu kuskure ta ɗaya ɓangaren, waɗanda ke ƙin ruwan rijiya ko na tafki don ya yi ja ko ya yi gansakuka, su koma taimama. Ruwan da ƙasa ko laka ko daɗewa a wuri ɗaya suka canja shi yana nan da tsarkinsa.

Hukuncin ya bambanta idan ƙazanta ce ta canja shi. Wannan ya shafi mazauna gefen kogin Jakara, wanda ke kwaso dattin birnin Kano ya kai shi madatsar Wasai da ke Minjibir. Duk inda wari ko launin najasa ya bayyana a ruwa, ba a tsarki da shi.

Barin lam'a da rashin cuɗawa

Lam'a ita ce wurin da ruwa bai taɓa ba a jiki, komai ƙanƙantarsa. Wuraren da aka fi mantawa su ne cibiya, hammata, ƙarƙashin haɓa, matse-matsi, bayan gwiwa, tsakanin yatsun ƙafa da tafin ƙafa.

Mazhabar Malikiyya ta keɓanta da wajabta cuɗawa. A wurinta, wanda ya faɗa tafki ya nutse ya fito, ko ya sheƙa wa kansa bokiti guda bai bi jikinsa da hannu ba, bai cika farilla ba. Gadon baya, inda hannu ba ya kaiwa, ana iya cuɗa shi da ƙyalle, kuma wasu malaman mazhabar sun ce zuba ruwa ya isar a irin wannan wuri.

Duk abin da ke hana ruwa isa ga fata wajibi ne a kawar da shi tukuna, kamar fenti, kwalta, danƙo, busasshen ƙulli ko jan farce. Launin lalle da ya rage bayan an wanke shi ba ya hana komai.

Wanda ya tuna ya bar lam'a ba sai ya sake wankan duka ba. Zai wanke wurin nan take da niyya, ko da bayan wata guda ne, sannan ya rama sallolin da ya yi a tsakani. Idan kuwa ya tuna ya yi sakaci bai wanke ba, wankan ya ɓaci gaba ɗaya.

Kitso da gemu

Mata da dama na jinkirta wanka saboda zaton sai sun tsefe kitso. Hadisin Ummu Salama da Muslim ya ruwaito ya nuna cewa ba a wajabta mata kwance shi ba, abin da ake buƙata shi ne ruwa ya isa gindin gashi.

Malaman Malikiyya sun togace kitson da aka tamke ƙwarai har ruwa ba ya ratsa shi, da wanda aka naɗe da zare mai yawa. Irin wannan sai an kwance.

Namiji kuma wajibi ne ya tsettsefe gemunsa komai kaurinsa. A nan wanka ya saɓa wa alwala, inda wanke saman gemu mai kauri ya wadatar.

Shafar gaba a tsakiyar wanka

Dalilin da ya sa ake fara wanke gaba shi ne don kada a koma gare shi daga baya. Namijin da ya shafi gabansa da tafin hannu bayan ya wanke gaɓoɓin alwala, alwalarsa ta warware, amma wankan bai ɓaci ba. Zai ƙarasa, sannan ya sake alwala kafin salla.

Wanda kuma bai yi abin da ke warware alwala ba, yana iya yin salla da wankansa kai tsaye.

Rashin sanin abin da ke wajabta wanka

Saduwa na wajabta wanka a kan miji da mata ko da maniyyi bai fita ba. Wanda ya yi mafarki ya farka bai ga komai ba, babu wanka a kansa. Fitar maziyyi kuwa, wato ruwan da ke zuwa lokacin sha'awa, wanke gaba da alwala kawai take wajabtawa.

Kuskuren da ya fi yawa a tsakanin mata shi ne jiran cikar kwana arba'in bayan haihuwa kafin a fara salla. Arba'in lissafin jego ne na al'ada. A fiƙihun Malikiyya, duk ranar da jinin biƙi ya ɗauke, ko da ranar haihuwar ce, mace za ta yi wanka ta yi salla. Mafi tsawon lokacinsa kwana 60 ne.

Wankan jego da ake yi da ruwan zafi safe da yamma ba ya maye gurbin wannan wanka, sai idan an yi shi da niyya da kuma ruwan da ganye bai jirkita shi ba.

Jinin haila kuma ba ya wuce kwana 15. Abin da ya zarce haka jinin ciwo ne, kuma ba ya hana salla.

Sanyi da kunya

A watannin Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke tsananta, wasu kan bar wanka sai rana ta fito, sallar Asuba ta wuce su. Sanyi kaɗai ba uzuri ba ne ga wanda ke da halin ɗumama ruwa. Ahalari ma ya gargaɗi wanda ba ya iya taɓa ruwan sanyi da ya tanadi abin ɗumama shi kafin ya kusanci iyalinsa.

Wanda ke tsoron ruwa zai jawo masa ciwo ko ya ƙara masa wanda yake fama da shi, an yi masa rangwamen taimama, kamar yadda sahabi Amr ɗan As ya yi a wani dare mai tsananin sanyi, Manzon Allah (SAW) kuma bai zarge shi ba.

Akwai kuma kunya. A babban gida inda iyaye da 'ya'ya da surukai ke tsakar gida ɗaya, amarya ko saurayi kan ji nauyin a ji ƙarar ruwansu da asuba. Malamai sun haɗu a kan cewa kunya ba ta halatta fitar da salla daga lokacinta. Ajiye ruwa a makewayi tun da dare na rage wannan matsala.

A watan Ramadan, wayar gari da janabar da aka samu da dare ba ya ɓata azumi.

Ɓarnar ruwa da waswasi

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (SAW) kan yi wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Sa'i mudu huɗu ne, kimanin lita uku ke nan.

Wannan na nuna cewa ƙaramin bokiti ya ishi mai wanka idan ya bi a hankali, lamarin da ke da amfani a watannin bazara, lokacin da rijiyoyi ke ja da baya.

Mai fama da waswasi, wanda kullum ke shakkar ko ruwa ya game jikinsa, fiƙihu ya umarce shi da ya yi watsi da shakkar, kada ya maimaita.

Saɓanin mazhabobi

Hanafiyya da Hambaliyya sun wajabta kurkure baki da shaƙa ruwa a wanka, amma ba su wajabta cuɗawa ba. Shafi'iyya kuma ta taƙaita farillan a kan niyya da game jiki da ruwa.

Shi ya sa malamai da dama ke ba da shawarar a bi cikakkiyar siffar da aka ruwaito daga Nana A'isha da Maimuna, a haɗa da cuɗawa, domin wanda ya yi haka wankansa ya inganta a dukkan mazhabobin huɗu.