Cibiyar Montreal da Tarihin Renon Masana Ƙwaƙwalwa

A farkon ƙarni na 20 nazarin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a warwatse yake, domin likitan fiɗa yana asibiti, mai bincike kuma yana ɗakin gwaji na jami'a, ba kasafai suke haɗuwa a kan majinyaci guda ba. Wilder Penfield, likitan fiɗa haifaffen Amurka wanda ya yi karatu a hannun Charles Sherrington a Ingila, ya koma Montreal ta Kanada a 1928 da ƙudurin haɗa ɓangarorin biyu wuri ɗaya. Gidauniyar Rockefeller ta ba Jami'ar McGill da ke birnin fiye da dala miliyan 1.2, aka ajiye mafi yawan kuɗin a matsayin asusu na dindindin wanda ribarsa ke ɗaukar nauyin bincike, sannan aka buɗe Cibiyar Nazarin Jijiyoyi ta Montreal a 1934.

A can ne Penfield ya kyautata hanyar yi wa masu farfaɗiya aiki suna farke, wato a kashe zafin fatar kai kaɗai, tun da ita ƙwaƙwalwa ba ta jin zafi, a riƙa taɓa sassanta da ɗan ƙarfin lantarki majinyaci yana faɗin abin da ya ji, har a gano inda ciwon ke tasowa, a cire shi ba tare da an illata magana ko motsi ba. Daga wannan aiki ne shi da ɗalibinsa Edwin Boldrey suka wallafa, a 1937, taswirar da ke nuna yankin ƙwaƙwalwa mai kula da kowace gaɓa.

Babbar ribar cibiyar, duk da haka, ita ce matasan da ta rena. Brenda Milner ta shigo a 1950 tana ɗalibar digirin digirgir a ƙarƙashin Donald Hebb, kuma nazarin da ta yi wa majinyatan Penfield shi ya kai ta ga wani mai suna H.M., wanda ya daina riƙe sababbin abubuwa bayan an yi masa fiɗa a Amurka. Rahoton da ta fitar a 1957 tare da William Scoville, likitan da ya yi wa H.M. fiɗar, ya nuna cewa wani sashe mai suna hifokamfos, wanda ke can ciki ta wajen kunne, wajibi ne ga adana sabon tunani. Sakamako irin wannan ba ya zuwa sai inda tallafi ya ɗore shekara da shekaru, ɗalibi ya sami majinyaci da malami da isasshen lokaci a wuri guda.