Layin Dogon da Ya Cinye Ƙasar da Yake Kai

A watan Disamba na 2020 aka kashe injinan tashoshin wutar lantarki biyu a tsakiyar ƙasar Ailan, ɗaya a Shannonbridge, ɗaya a Lanesborough. Wata guda bayan haka, a Janairun 2021, kamfanin gwamnati na Bord na Móna ya sanar da cewa ya daina haƙar gawayin fadama. Da wannan sanarwa aikin ɗaya daga cikin layukan dogon masana'antu mafi girma a Turai ya kama hanyar ƙarewa. Yanzu da ake ɗauke ƙarafan, masu sha'awar gina ƙananan samfuran jirgin ƙasa a kan tebur suna cikin masu ƙoƙarin adana kamanninsa. Amma duk wanda ya zauna zai zana taswirar irin wannan samfuri, sai ya tarar cewa dole ya fara da tarihi kafin ya taɓa katako da gam.

Gawayin fadama shi ne ragowar gansakuka da ciyayi da suka mutu a cikin ruwa, suka kasa ruɓewa sosai saboda ƙarancin iska, suka yi ta taruwa shekaru dubbai. Kaurinsa yana ƙaruwa da kimanin milimita ɗaya a shekara. Idan aka yanko shi aka shanya, yana ci da wuta kamar itace, kuma da shi mutanen karkarar Ailan suka daɗe suna girki da jin ɗumi. Fadamar da ba a janye wa ruwa ba kuwa, fiye da kashi 90 cikin ɗari nata ruwa ne. Ƙetare ta tsohuwar matsala ce. A Corlea, cikin gundumar Longford, an tono wata hanya ta manyan katakan itacen oak waɗanda aka sare a shekara ta 148 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Dabarar magabatan ita ce shimfiɗa nauyi a kan faɗi don kada ya nitse, kuma ita ce dabarar da layin dogo ya gada.

Bayan samun 'yancin kai a 1922, Ailan ta ci gaba da dogaro da kwal daga Birtaniya. A 1934 gwamnati ta kafa hukumar bunƙasa gawayin fadama, wadda C. S. Andrews ya jagoranta, aka kuma tura wakilai Jamus da Tarayyar Sobiyet su ga yadda ake haƙarsa da injina. Yaƙin Duniya na Biyu ya nuna gaskiyar lamarin: kwal ya yi ƙaranci, har aka riƙa tara tulin gawayin fadama a filin Phoenix Park na birnin Dablin. Kowa ya ga cewa wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ranar da aka rufe ƙofa da yunwa zai kwana. A 1946 aka mayar da hukumar kamfanin Bord na Móna. Tashar lantarki ta Portarlington ta fara aiki a 1950, ta Ferbane a 1957, ta Shannonbridge a 1965. Aka gina wa ma'aikata ƙauyuka sababbi, irin su Coill Dubh, bisa zanen Frank Gibney.

Motar ɗaukar kaya ba ta iya shiga fadama da nauyi, don haka jirgin ƙasa ya zama jijiyar aikin. An zaɓi faɗin ƙafa uku tsakanin ƙarafan, wato milimita 914, ƙasa da milimita 1,067 na tsohon layin Legas zuwa Kano. A 1949 kamfanin Andrew Barclay na Sikotilan ya ƙera kawunan jirgi uku masu aiki da tururi, waɗanda ke ƙona gawayin fadamar da suke ja. Ba su daɗe suna aiki ba, domin ƙananan injinan dizal na Ruston & Hornsby sun fi sauƙi da rashin haɗarin tayar da gobara. Ɗaya daga cikin ukun ya ƙare a layin Talyllyn na yankin Wales, inda aka sake gina shi aka sa masa suna Tom Rolt. A shekarun 1960 kuma aka kawo samfurin Wagonmaster na kamfanin Hunslet, wanda ya zama fuskar layin na tsawon shekaru.

Wannan jerin shekaru shi ne tambaya ta farko ga mai tsara samfuri: wace shekara zai nuna? Idan ya zaɓi farkon shekarun 1950, zai buƙaci curin gawayi a jere ana shanya, da taragu masu jikin sanduna, wataƙila da kan jirgi mai tururi. Idan ya zaɓi bayan 1957, zai iya nuna sabuwar hanyar da aka shigo da ita, wadda injina ke kankare saman fadama ya zama gari, a bar shi ya bushe, a tara shi dogayen tsibi, a rufe da leda. 

Tambaya ta biyu ita ce ma'auni. A ma'aunin ɗaya bisa 76, wanda ya shahara a Birtaniya da Ailan, ƙafa uku tana komawa milimita 12 daidai. Wasu suna amfani da dogo mai milimita 9 saboda ya fi samuwa a kasuwa, sun yarda da ɗan kauce wa gaskiya don sauƙi. Babbar wahalar kuwa ita ce faɗin fili. Kilomita ɗaya a wannan ma'auni mita 13 ne, alhali jiragen suna tafiyar kilomita da yawa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda babu tudu balle rami. Mai samfurin layin tsaunuka yana ɓoye ƙarshen teburinsa a bayan dutse. Mai samfurin fadama ba shi da dutse, sai ya nemi tsibin gawayi, ko jerin bishiyoyi a bakin fadama, ko gadar titi da jirgi ke bi ta ƙarƙashinta. Magudanan ruwa da aka haƙa a jere, kimanin mita 15 tsakani, suna komawa santimita 20, kuma su ne ke ba wa ido jin nisa.

Tambaya ta uku ta shafi dogon kansa, domin iri biyu ne a zamanin da layin yake aiki. Akwai na dindindin, wanda ya haɗa fadamu da tashar lantarki ko masana'antar curin gawayi irin ta Derrinlough. Akwai kuma na wucin gadi, wanda ake shimfiɗawa gunduwa-gunduwa a gefen tsibi, kai tsaye a kan gawayin, ba tsakuwa a ƙarƙashi. Da an kwashe tsibin sai a ɗauke dogon a kai wani wuri. Irin wannan dogo yana lanƙwasa yana tangaɗi, taragu suna sauka daga kansa a kai a kai. Mai samfuri sai ya gina karkatar da gangan, amma daidai gwargwadon yadda ƙaramin jirginsa ba zai faɗi ba. Shi ya sa tsari mafi dacewa shi ne mai farko da ƙarshe maimakon zagaye: wurin lodi a gefe ɗaya, na'urar da ke kifar da tarago ta zazzage kaya a ɗaya gefen, sai wurin da jirage biyu ke kauce wa juna a tsakiya, da rumfar gyaran injina.

Saura tambaya ta ƙarshe, wadda ta fi nauyi. Layin ya samar wa dubban mutane aiki a yankunan da ƙaura zuwa Ingila da Amurka ta kwashe matasa, ya kuma kai wuta gidaje. Amma kowane tarago da ya wuce ya ɗauki abin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana taruwa, kuma fadamar da aka busar tana sakin iskar kabon da ta daɗe tana riƙewa. Wannan ne ya kawo ƙarshen sana'ar. A yau ana toshe magudanai don ruwa ya koma, wasu wuraren kuma, kamar Lough Boora a gundumar Offaly, sun zama wuraren shaƙatawa.

Mai samfurin da ya fahimci wannan yakan bar wani lungu na teburinsa inda gawayin ya ƙare, farin yumɓun ƙasa ya bayyana, kututturan tsofaffin bishiyoyi suka fito fili, ruwa ya fara taruwa. A nan ne mai kallo zai ga ƙarshen labarin tun jirgin yana tafiya. Tsawon wannan lungu bai wuce taƙi biyu ba, amma idan babu shi, teburin ya nuna yadda jirgin yake, bai nuna abin da ya yi ba.