Uwar garken imel ta Linux: AMD64 ko ARM64?

Ma'aikata ko ƙungiyar da ke son riƙe wasiƙunta na imel da kanta tana buƙatar uwar garke, wato kwamfutar da ke karɓa, tacewa da adana saƙonni dare da rana. Kafin a saye ta, sai an zaɓi tsarin ƙwaƙwalwarta. Iri biyu ne suka mamaye kasuwa.

Na farko shi ne AMD64, da ake kira x86-64. Kamfanin AMD ya fito da shi a 2003, Intel ya bi sahu a 2004. Kusan duk manhajar imel tana aiki a kansa, kuma ba a shan wahalar samun kayan gyaransa. Na biyu, ARM64, an sanar da shi a 2011. Shi ne a cikin yawancin wayoyin salula da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 4, wadda cinta na wuta bai kai wat 15 ba. A inda ake yawan ɗauke wuta kuma ake dogaro da batir ko hasken rana, wannan tanadi babba ne.

Postfix, mai aika saƙonni tun 1998, da Dovecot, mai kula da akwatunan wasiƙu tun 2002, duka suna cikin Debian a tsarukan biyu, kuma ba su da nauyi. Masu cin ƙarfin na'ura su ne matatun saƙonnin banza da na ƙwayoyin cuta. Masu ClamAV kansu suna ba da shawarar aƙalla giga 3 na RAM. Saboda haka yawan RAM da ingancin faifan ajiya sun fi sunan ƙwaƙwalwa muhimmanci. Katin SD kan lalace da yawan rubutu, ya tafi da wasiƙun shekaru. Faifan SSD da kwafi na biyu a wani wuri sun fi aminci.

Tsofaffin na'urorin x86 masu bit 32 kuwa lokacinsu ya wuce: Debian 13, da ya fito a Agustan 2025, ya daina ba da cikakken tsari dominsu.

Ga ofishi mai akwatuna ƴan ƙalilan, ARM64 ya wadatar. Idan ana son haɗaɗɗiyar manhaja ta kasuwanci, a fara duba tsarin da take karɓa, domin wasu AMD64 kaɗai suka sani.